Awon Ƙarfin Bangon Maɗaciyar Ɗan Adam: Abin Da Likitoci Da Injiniyoyi Ke Nema

Duk mahaucin da ya ƙware a sana'arsa, da duk uwargidan da ta saba gyaran kaza, sun san cewa akwai wata 'yar jaka mai launin kore-kore maƙale a ƙarƙashin hanta, wadda ba a yi mata garaje da wuƙa. In aka yi sake ta fashe, to, ɗaci ya gama da naman, kome yawan wankin da za a yi masa. Wannan 'yar jaka ita ce maɗaciya, wadda a wasu wurare ake kira matsarmama. Ɗan Adam ma yana da tasa, kuma duk da ƙanƙantarta tana cikin sassan jikin da suka fi kai mutane ɗakin tiyata a duniya. A Amurka kaɗai ana cire wa mutum fiye da rabin miliyan maɗaciya a kowace shekara. Da ma Hausawa sun ce wanda ya rena gajere bai taka kunama ba.

An daɗe ana ɗora laifin ciwon maɗaciya a kan tsakuwar da ke taruwa a cikinta, kuma lalle tsakuwa tana da nata laifin. Amma likitoci sun lura da abu biyu masu ɗaure kai. Na farko, cikin mutum goma masu tsakuwa a maɗaciya, wajen takwas ba su ma san suna da ita ba, sai ko in an ɗauki hoton cikinsu saboda wata lalura dabam. Na biyu, akwai waɗanda ke birgima don azaba, alamunsu duka na ciwon maɗaciya, amma a duba a tarar ko ƙwayar tsakuwa ɗaya babu. Wannan ne ya sa waɗansu masana, likitoci da injiniyoyi da malaman lissafi, suka juya daga abin da ke cikin jakar suka fuskanci jakar kanta. Tambayarsu ita ce: yaya taurin bangon maɗaciya yake, iya ina yake miƙewa, kuma wane irin ja ne in ya same shi mutum zai fara jin zafi? Amsar wannan tambaya tana iya raba wanda aikin fiɗa zai warkar da wanda za a yanka a banza.

SIFFARTA DA AIKINTA

Tsawon maɗaciyar babban mutum daga santimita 7 ne zuwa 10, watau wajen inci uku zuwa huɗu, tana da faɗi a gindi da ƙunci a wuya kamar ƙaramin gora. Abin da take ɗauka bai wuce mililita 30 zuwa 60 ba, watau babban cokali biyu zuwa huɗu. Hanta ce ke yin ruwan ɗacin dare da rana, wajen rabin lita ko fiye a kullum, maɗaciya kuwa ma'aji ce. Tun da yake wurin ajiyar ya yi kaɗan, sai bangonta ya riƙa tsotse ruwa da gishiri daga abin da aka ba ta, har ya yi kauri ninki biyar zuwa goma.

Da zarar abinci mai maiƙo ya fita daga tumbi ya shiga bakin ƙaramin hanji, sai hanjin ya saki wani sinadari cikin jini, wanda ke sa tsokar bangon maɗaciya ta matse. A daidai wannan lokaci wata tsoka mai kama da zobe, wadda ke tsaron bakin magudanar, sai ta saki, ruwan ya kwarara cikin hanji ya taimaka wajen narkar da kitse. Wani ɗalibin likita ɗan Italiya, Ruggero Oddi, shi ya bayyana wannan zobe cikin 1887. Sinadarin kuwa, masana biyu ne a birnin Shikago na Amurka, Andrew Ivy da Eric Oldberg, suka gano shi cikin 1928 ta hanyar gwaji a jikin karnuka, suka raɗa masa suna kolesistokinin, watau mai motsa maɗaciya a harshen Girkawa.

Bangon kansa, in yana lafiya, kaurinsa bai wuce milimita 3 ba, amma hawa-hawa ne. Daga ciki akwai shimfiɗa mai laushi mai ninki-ninki, wadda ke tsotsar ruwa. Bayanta akwai tsoka, wadda zarurrukanta suka sarƙe, waɗansu a tsaye, waɗansu a kwance, waɗansu a karkace. Sa'an nan akwai wata saƙa ta zaren nama iri biyu, ɗaya mai tauri da ake kira kolajin, ɗaya mai saki kamar danƙo da ake kira ilastin. Daga waje kuma akwai tantani mai santsi, sai dai a gefen da ya manne da hanta. Wannan bango yana cika yana matsewa bayan kowane cin abinci, shekara da shekaru, kamar zugazugin maƙeri.

DUTSE KO JAKA

Likitan da ya fara cire maɗaciyar mutum mai rai shi ne Carl Langenbuch, a asibitin Lazarus da ke birnin Balin na Jamus, cikin watan Yuli na 1882, a jikin wani mutum mai shekara 43. Kafin lokacinsa abin da ake yi shi ne a tsaga jakar a kwashe tsakuwar a bar ta a wurinta. Langenbuch ya ga cewa muddin jakar tana nan za ta sake haifar da wata tsakuwar, don haka ya cire ta ɗungum. Mutumin ya warke, aka kuma tabbatar ɗan Adam yana iya zama lafiya lau ba tare da maɗaciya ba, domin ruwan hanta zai ci gaba da gangarawa hanji kai tsaye. Ba abin mamaki ba ne, don doki da jaki da raƙumi tun asali ba su da ita.

To, daga ina zafin yake fitowa? Kayan cikin mutum suna da wata ɗabi'a da ta bambanta da ta fata. Ana iya yankan hanji ko maɗaciya mutum bai ji wani abin a zo a gani ba, amma in aka hura su suka kumbura, ko tsokarsu ta matse da ƙarfi, sai azaba ta tashi. Dalili kuwa shi ne jijiyoyin da ke cikin bangon an yi su ne don jin ja da miƙewa. Saboda haka tsakuwar da ke kwance a gindin jaka ba ta damun kowa. Sai ranar da ta mirgino ta toshe wuya, jakar ta matse ruwa ya rasa mafita, sa'an nan bango ya ɗaure tamau, mai ita ya dafe ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama, zafi yana harbawa har baya da kafaɗa. Ashe ke nan abin da mutum yake ji shi ne ɗaurewar bango, kuma in har wani abu dabam zai ɗaure bangon haka, to, za a sha ciwo iri ɗaya ko da babu tsakuwa.

ABIN DA HANNU YA FARA GANOWA

Tun kafin a ƙera na'urorin awo, hannun likita ya fara shaida cewa bangon maɗaciya yana da labarin da zai bayar. Cikin 1890 wani likitan fiɗa a birnin Basal na Suwizalan, Ludwig Courvoisier, ya tattara bayanin mutum 187 waɗanda babbar magudanar ruwan hantarsu ta toshe. A cikin 87 da tsakuwa ta toshe, ya tarar mafi yawansu maɗaciyarsu ta ƙanƙance. A cikin 100 da wani abu dabam ya toshe, kamar ciwon daji, kusan dukansu maɗaciyarsu ta kumbura. Har yau ana koya wa ɗaliban likita cewa in mutum yana da shawara, idonsa ya yi rawaya, ba ya jin zafi, ga maɗaciya ta kumbura har hannu yana taɓa ta, to, da wuya a ce tsakuwa ce, a nemi wani dalili da gaggawa.

Bayanin da aka daɗe ana bayarwa shi ne tsakuwa takan gurje bango shekara da shekaru har ya yi tabo ya ƙandare, kamar fatar da ba ta sha jima ba, don haka ba ya iya buɗewa. Magana ce mai shiga hankali, amma kusan shekara ɗari ba wanda ya auna. Sai cikin 1983 wani likita a Amurka, R. S. Chung, ya buga sakamakon awon da ya yi. Ya auna matsin ruwa cikin magudanar marasa lafiya lokacin tiyata, ya kuma ɗura ruwa cikin maɗaciyoyin da aka cire don ya ga yadda suke buɗewa. Sai ya tarar masu tsakuwa da marasa tsakuwa ba su bambanta sosai wajen buɗewa ba. Abin da ya raba su shi ne ƙarfin matsin da daɗewarsa, domin tsakuwa takan toshe ta saki, ciwon daji kuwa yana shaƙe magudana ne a hankali ba sassauci. Wannan ya nuna wa masana cewa abin da hankali ya karɓa yana bukatar ma'auni ya tabbatar da shi, gani kuwa ya kori ji.

ME AKE AUNAWA

Wanda zai fahimci wannan aiki sai ya riƙe abu uku. Na ɗaya shi ne miƙewa, watau yawan tsawon da abu ya ƙara idan aka ja shi. Na biyu shi ne nauyin ja, watau ƙarfin da ya hau kan kowane ɗan yanki na abin. Na uku shi ne tauri, watau yawan jan da ake bukata kafin a sami miƙewa kaza. Cikin 1678 wani masani Bature a Ingila, Robert Hooke, ya bayyana cewa sifirin yana miƙewa ne daidai gwargwadon nauyin da aka rataya masa: in kilo ɗaya ya ja shi santimita ɗaya, kilo biyu zai ja shi biyu. A kan wannan ƙa'ida aka gina sikelin rataye na kasuwa. Daga baya aka sa wa ma'aunin tauri sunan Thomas Young, wani masanin Ingila na farkon ƙarni na 19. A bisa wannan ma'auni, ƙarfe ya fi bangon maɗaciya tauri sau dubu ɗari da ɗoriya.

Akwai kuma ƙa'idar da ake jingina wa Laplace, masanin lissafi na Faransa, wadda ta shafi duk wata jaka mai ruwa ko iska a ciki. Ta ce nauyin jan da ke kan bango yana ƙaruwa da abu uku: ƙarfin matsin da ke ciki, da faɗin jakar, da sirantar bangon. In aka sami jaka biyu masu matsi ɗaya da kaurin bango ɗaya, amma ɗaya ta ninka 'yar'uwarta faɗi, to, jan da ke kan bangonta ma ninki biyu ne. Haka nan a jikin abu mai siffar bututu, jan da ke kewaye shi ya ninka wanda ke bin tsawonsa, shi ya sa bututun ruwa in zai fashe yake tsagewa a tsaye. Daga nan mai karatu zai gane cewa siffar maɗaciyar mutum, ko doguwa ce ko dunƙulalliya, tana da hannu a cikin irin azabar da zai sha, ko da matsin ruwan daidai yake da na wani.

A ƊAKIN GWAJI

Hanya mafi daɗewa ita ce ta yanka da ja. Ana samun maɗaciyar da aka cire a tiyata, ko ta gawa, bisa izinin mai ita ko danginsa, a buɗe ta a shimfiɗa, a yanko 'yan ƙyallaye sirara, waɗansu bisa tsawonta, waɗansu bisa kewayenta. Sai a auna faɗi da kaurin kowane, a damƙe bakinsa biyu cikin wata na'ura wadda ke ja sannu sannu tana rubuta ƙarfin da ta sa da tsawon da aka samu, har ƙyallen ya tsinke. Duk wannan ana yi ne naman yana jiƙe da ruwan gishiri, sau da yawa mai ɗumin digiri 37 irin na jiki, domin in ya bushe ya zama kilishi, awon ya lalace.

Abin da ake gani ya saɓa wa ƙa'idar Hooke. Da farko naman yana miƙewa cikin sauƙi, ƙaramin ja ya ba da tsawo mai yawa. Can sai ya fara gardama, daga nan ya ƙandare, ƙarin ja mai yawa ba ya ba da sai ɗan tsawo kaɗan. Dalili shi ne zaren kolajin a lanƙwashe yake kwance, kamar igiyar da aka yar a ƙasa. Muddin bai miƙe ba, ilastin mai saki ne ke ɗaukar nauyi, amma da zarar ya miƙe sai shi ya karɓa. Wannan tsari shi ke ba jakar damar cika ba tare da matsi ya hau ba, ya kuma tsare ta daga fashewa in ta cika maƙil. Furofesa Y. C. Fung na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego, wanda ake ɗauka uban wannan fanni, shi ya tsara lissafin irin wannan hali na nama mai laushi cikin 1967.

Abu na biyu shi ne naman yana la'akari da lokaci. In aka ja shi aka riƙe, ƙarfin da yake turjiya da shi yana raguwa a hankali. In aka fizge shi da sauri ya fi tauri bisa ga in an ja shi sannu. In aka ja aka saki, ja na biyu ba zai yi daidai da na farko ba, don haka sai an maimaita sau da dama ya daidaita kafin a fara rubutu. Abu na uku kuwa kowane tela ya san shi: yadi ba ya miƙewa daidai ta kowace fuska, tsaye dabam, kwance dabam, karkace dabam. Haka bangon maɗaciya yake. Waɗansu masana a Iran sun buga sakamakon irin wannan gwaji cikin 2017, wanda suka yi da maɗaciyoyin gawarwakin mutane, suka tarar ƙyallen da aka yanko bisa tsawo ya fi na kewaye tauri ƙwarai, ya kuma fi shi jure ja kafin ya tsinke.

Akwai kuma gwajin tsoka mai rai. Ana rataye ɗan yankin da aka ciro yanzu yanzu cikin ruwa mai ɗumi da iskar shaƙa, a ɗiga masa kolesistokinin, a auna ƙarfin matsewarsa. Ta haka ne Dokta Jose Behar da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cikin 1989 cewa tsokar maɗaciyar da ke da tsakuwar kitse, watau ta kolestarol, ta fi rauni bisa ga wadda ke da baƙar tsakuwa. Bincike na baya ya nuna kitsen yana kutsawa cikin fatar ƙwayoyin tsokar ya hana su jin umurnin sinadarin sosai. Jakar da ba ta matsewa kuwa ruwa yana kwanciya a cikinta, ruwan da ya kwanta kuma shi ke haifar da tsakuwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

WAHALOLIN AWO

Watakila mai karatu zai ce, in abin haka yake da sauƙi, me ya hana a gama shi tuntuni? Wahala ta farko ita ce ba wanda zai ba da lafiyayyar maɗaciyarsa a yanka don gwaji. Waɗanda ake cirewa a asibiti masu ciwo ne, na gawa kuwa tsokarsu ta mutu, naman kuma yana sauya hali da kowace sa'a, balle in an sa shi a ƙanƙara. Shi ya sa ake yawan amfani da ta alade ko ta wata dabba, alhali kuwa dabba ba mutum ba ce. Wahala ta biyu ita ce sirantar bangon: kuskuren rabin milimita wajen auna kaurin abin da bai fi milimita biyu ba yana karkatar da lissafi da kashi ɗaya cikin huɗu. Ta uku, ƙyallen da ake ja ta fuska ɗaya bai yi daidai da jakar da ruwa ke turawa ta kowace fuska ba. Ta huɗu, gindin jakar da wuyanta da gefen da ya manne da hanta ba halinsu ɗaya ba. Saboda waɗannan dalilai alƙaluman da ɗakunan gwaji ke bugawa sukan yi nisa da juna.

AWO A JIKIN MAI RAI

Tun da yake abin da likita ke bukata shi ne labarin maɗaciyar mara lafiyar da ke gabansa, sai aka nemi hanyar awo ba tare da wuƙa ba. Cikin 1981 Dokta Krishnamurthy da abokan aikinsa a Amurka suka fito da hanyar yi wa mutum allurar wani sinadari da na'ura ke hangowa, wanda hanta ke tura shi cikin maɗaciya. Bayan ta cika sai a yi allurar kolesistokinin, a ga kashi nawa cikin ɗari ta fitar. In bai kai kashi 35 ko 38 ba, gwargwadon hanyar da aka bi, sai a ce ragguwa ce. Ana amfani da wannan awo har yanzu wajen masu ciwo marasa tsakuwa, amma bai kashe gardama ba, domin akwai waɗanda awonsu ya yi ƙasa, aka cire, ciwo bai tafi ba.

A nan ne malaman lissafi na Jami'ar Gilasgo da ke Sikotilan suka haɗa kai da likitocin fiɗa na birnin Shefil a Ingila. Cikinsu akwai Furofesa Xiaoyu Luo, da Furofesa Ray Ogden, wanda ya yi suna tun 1972 da lissafin miƙewar roba, da Dokta W. G. Li. Dabararsu ita ce a ɗauki hoton maɗaciya da na'urar nan mai aiki da amon sauti, irin wadda ake duba masu juna biyu da ita, a auna tsawonta da faɗinta da zurfinta kafin allurar sinadarin da kuma lokacin da take matsewa, ana tambayar mara lafiya ko yana jin zafi. Daga nan sai a ɗauki jakar kamar ƙwai mai siririn ɓawo, a lissafa matsin da ke ciki da nauyin jan da ke kan kowane sashe na bango. Sun raba jan gida biyu: wanda cikar jaka ke kawowa, da wanda matsewar tsoka ke ƙarawa.

Cikin rahoton da suka buga a 2011, wanda ya shafi mutum 51, sun tarar ƙololuwar nauyin jan da ke kan bango tana tafiya tare da zafin da mutane suka ce sun ji, har lissafin ya faɗi daidai a kan fiye da kashi 75 cikin 100. Cikin 2013 kuma suka nuna cewa bangon mai rai ma taurinsa ya bambanta bisa tsawo da bisa kewaye. Wajibi ne a faɗa cewa mutum 51 ba su isa a kafa doka a kansu ba, kuma zafin da allura ta tayar ba lalle ne ya zama shi ne ciwon da ke damun mutum a gida ba. Wannan lissafi bai shiga aikin asibiti na yau da kullum ba. Amma ya ƙarfafa zaton cewa wurin da ya kamata a nemi tushen ciwon shi ne bango.

Wata hanya kuma ita ce ta aika ɗan girgiza cikin nama a auna saurin tafiyarsa, domin yana gudu cikin nama mai tauri fiye da mai laushi. An fara amfani da ita sosai wajen auna taurin hanta da wata na'urar Faransa mai suna FibroScan tun farkon shekarun 2000. Ana gwada ta a kan maɗaciya don a rarrabe kaurin kumburi da na ciwon daji, sai dai sirantar bangon da ruwan da ke bayansa suna wahalar da awon.

AMFANINSA GA LIKITAN FIƊA

Cikin watan Satumba na 1985 Dokta Erich Mühe na Jamus ya cire maɗaciya ta 'yan ƙananan huda a ciki, yana leƙe da madubi, cikin 1987 kuma Dokta Philippe Mouret ya yi irinsa a birnin Liyon na Faransa. A yau wannan ita ce hanyar da aka fi bi a duniya, ana kuma yinta a manyan asibitocin Nijeriya. Tana rage jinya, amma ta raba yatsun likita da naman. Da dogon hantsaki yake kama jakar ya ɗaga, in ya matsa da yawa ta huje, ruwa da tsakuwa su zube cikin ciki, abin da ke faruwa ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Masu ƙera waɗannan kayan aiki, da masu ƙera butum-butumin tiyata, da masu shirya na'urar kwamfuta wadda sababbin likitoci ke koyon hannu a kanta kafin su taɓa mutum, duka suna bukatar sanin iyakar abin da bangon zai jure. In alƙaluman da aka ba kwamfutar na roba ne, to, hannun ɗalibi zai saba da roba.

ABIN DA YA SHAFI NIJERIYA

A ƙasashen Turai da Amurka, inda mutum 10 zuwa 15 cikin 100 na manya ke da tsakuwa, mafi yawanta ta kitse ce, ta fi kuma kama mata, da masu ƙiba, da waɗanda suka rame farat ɗaya. Juna biyu ma yana sa tsokar bangon ta yi sanyi. Nijeriya kuwa tana da wani dalili nata. Ita ce ƙasar da ta fi kowace yawan masu amosanin jini, watau sikila, inda ake haihuwar jarirai wajen 150,000 da ita kowace shekara. Jajayen ƙwayoyin jinin mai lafiya suna yin kwana 120, na mai sikila kuwa kwana 10 zuwa 20 ne. Ragowar ƙwayoyin da suka mutu hanta ce ke zubar da ita cikin ruwan ɗaci, in ta yi yawa sai ta dunƙule ta zama baƙar tsakuwa, har a jikin yara. Sau da yawa ciwon cikin mai sikila yakan rikita likita, ko tashin cutar ne ko maɗaciya. Haka nan zazzaɓin taifot yana iya kumbura bangon har ya huje.

Akwai abubuwan da ya kamata jama'a su riƙe. Ciwo mai tsanani a ƙarƙashin haƙarƙarin dama ko a ƙahon zuci, wanda ke tasowa bayan cin abu mai maiƙo ya daɗe rabin sa'a ko sa'o'i, ba kullum ne gyambon ciki ba, kuma ya cancanci a ɗauki hoto. In ya haɗu da zazzaɓi, ko amai, ko ido ya yi rawaya, to, ba a kwana da shi a gida. Idan ma'aikacin asibiti ya ce kada a ci kome na sa'a shida zuwa takwas kafin hoto, a bi maganarsa, domin jakar da ta matse bayan cin abinci bangonta yakan yi kauri a hoto kamar mai ciwo. Kuma ba duk kaurin bango ne laifin maɗaciya ba: ciwon hanta, da ciwon zuciya, da na ƙoda duka suna iya kumbura shi, shi ya sa likita ba ya yanke hukunci da hoto kaɗai.

Mafi yawan awon da aka buga har yanzu an yi shi ne a jikin mutanen Turai da Amurka da Asiya. Maɗaciyar matashi mai sikila, wadda baƙar tsakuwa ta zauna a cikinta tun yana yaro, a asibitocin koyarwa na Ibadan da Zariya da Inugu da Kano da Legas ake cire irinta, kuma kowane ɗaya daga cikinsu yana da jami'a mai sashen injiniya da na lissafi. Na'urar hoton tana nan, marasa lafiyar suna nan, abin da ya rage shi ne hukumomin jami'o'in su haɗa likitan fiɗa da injiniya a ɗaki ɗaya, su ba su kayan awo da kuɗin bincike.